Yaya Mai Firam da Shanun Mijinta

Ranar da na shiga ofis da gashin baki na zinare, babu mahaluƙin da ya gaya min. Maigadi ya gaishe ni har da rusunawa, abin da bai taɓa yi ba. Sakatariya ta kalle ni ta kau da kai, kafaɗunta na rawa. Na zauna taro da manya awa ɗaya cur, ina ta zuba shawara ina murza gashin bakin nan kamar yadda na saba, sai da shugabanmu ya gaji ya ce, "Malam, in gado ka ci, faɗa mana mu taya ka murna, ba sai ka shafa a fuska ba."

Abin da ya faru shi ne, da safen na biya ta shagon yayata. Na same ta tana shimfiɗa zinare a jikin wani firam. Zinaren da suke aiki da shi ba irin na kunnen mata ba ne. An buge shi ya yi fale-fale, ɓawon albasa ma ƙato ne a kansa, numfashi kaɗai ya isa ya tashe shi. Ni kuwa da shisshigi na tura kai in ga yadda ake yi, atishawa ta zo ba sallama. Yaya ta bi zinarenta da ido yana yawo a iska, ta ga inda ya sauka, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ka makara aiki. Sauka lafiya."

Wannan ita ce yayata. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ta girme ni da shekara tara, kuma tun ina rarrafe take kirana Rediyo. Sana'arta haɗa firam, wato katakon nan huɗu da ake kewaye hoto ko zane da su kafin a rataya a bango. In ka ce mata kafinta, za ta amsa. In ka ce mata mai sayar da gilashi, ka nemi ƙofa.

Shagonta siriri ne, tsakanin mai gyaran agogo da kantin magani. Bango biyu cike da guntayen kusurwa na gwaji, baƙi da fari da ruwan ƙasa da masu sassaƙa, an jera su kamar tsuntsaye a kan waya. A tsakiya akwai dogon tebur da aka lulluɓe da tsohon bargo don kada gilashi ya karce. Can ƙurya tukunyar gam ce a kan ƙaramin risho, warinta kamar an dafa tsohon takalmi. Babu fanka. Ko zafi zai narka mutum, babu fanka, saboda zinare. Ta baya kuma akwai wani labule mai kauri da aka hana kowa ɗagawa, har ni da nake ɗan'uwa.

Babanmu kafintan ƙofa da taga ne. Ni ya so in gaje shi, amma ranar farko na buga ƙusa a babban yatsana, rana ta biyu na buga a nasa, rana ta uku ya kai ni makaranta da kansa. Yaya kuwa tana tsince guntayen katako a ƙasa tana haɗa su huɗu-huɗu, tana kewaye duk abin da ta samu: hoton kalanda, takardar sakamakonta, har fiffiken malam-buɗe-littafi. Baba yakan karɓa ya zura reza a kusurwa. In rezar ta shige, ya karya firam ɗin a gwiwa ya miƙa mata. Tana da shekara goma sha huɗu reza ta daina shiga. Har yau da reza a aljihun rigar aikinta, kuma in ta je gidan mutane, kafin a kawo ruwa ta riga ta zura wa hoton aurensu.

Daga nan ta yi shekara goma sha biyu a ɗakin baya na gidan adana kayan tarihi, ƙarƙashin wani tsoho mai gyaran tsofaffin firam. A wurinsa ta koyi shafa alli da gam sau takwas a kan katako, kowane shafi sai ya bushe a goge, sannan jan yumɓu, sannan zinare. Akwai wani faffaɗan buroshi mai laushi da take fara gogawa a kumatunta kafin ta ɗauki zinaren da shi, wai ɗan maiƙon fuska ne ke kama shi. Na taɓa ce mata da fuskata za ta yi amfani, da ta ɗauke fale goma a tashi ɗaya. Ta ce ba suya take yi ba.

A wurin tsohon nan ta kwaso tarihi, kuma duk wanda ya kawo aiki sai ya sha, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Mutum zai zo da takardar shaidar kammala karatu yana sauri, ta tsare shi:

"Ka san da can firam da zane abu ɗaya ne? Allo guda ake samu a rarake tsakiyarsa kamar faranti, a yi zanen a ciki, bakin da ya rage shi ne firam. Daga baya aka raba su. Zinaren nan kuma ba don gayu ba ne, lokacin babu lantarki, shi ke kama hasken kyandir ya watsa wa zane. Kuma akwai masu kuɗin da suka riƙa yanke zane don ya shiga firam ɗin da suke da shi. Yanke zane fa! Kamar ka sayi takalmi ya matse ka, ka rage yatsu."

Mutumin ya ce, "To, baƙi nake so."

Ta ce, "Baƙi ba zai yi maka ba. Ka dawo jibi."

A ganinta firam mai kyau kamar mai gabatar da baƙo ne a taro: ya faɗi suna, ya koma ya zauna. Wanda ya tsaya yana jawabi ya ɓata taro. Mutum ɗaya kawai take karya wa wannan doka, wato mijinta.

Mijin Yaya, wanda kowa ke kira Malam, tsohon malamin koyar da zane ne a makarantar firamare. Mutum ne wanda in ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri. Shekara talatin yana zana shanu a bakin kogi, kuma ina rantsuwa da abin da zai kashe ni, duk saniyar da ya zana tebur ce mai ƙaho. Kusurwa huɗu, ƙafa huɗu a miƙe, baya shimfiɗe, ka ɗora mata kofin shayi ba zai zube ba. Idanunsu kuwa duka biyu a gefe ɗaya suke, suna kallonka cikin ladabi. Duk zanen da ya gama, Yaya takan yi wata guda tana sassaƙa masa firam: ganyaye, igiyoyi, furanni, zinare har yana kashe ido. A rataya a gaban shago, kafin sati an saye. Malam ya dawo gida yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ya ce mata, "Gwanata, wani ɗana ya sake samun gida."

Na gano abin da ke bayan labule ne wata ranar Asabar. Ina zaune a shagon ina ba Yaya labarin da ba ta saurara, sai ga wani mai aski ya shigo rungume da zanen Malam da ya saya shekaranjiya. Ko kunya babu ya ce, "Ranki ya daɗe, a cire min wannan dabbar a sa madubi."

Yaya ta kifa firam ɗin a kan bargo, ta zare 'yan ƙusoshin baya da wata dabara da ita kaɗai ta sani, ta fito da saniya, ta sa madubi, ta ce masa kada ya biya komai, zanen dai ya bar mata, kuma maganar ta mutu a nan. Da ya fita ta ɗaga labule. Na leƙa. Garke guda! An jingina su a jere, kowanne an naɗe shi da farin ƙyalle, da 'yar takarda mai sunan wanda ya saya.

Na ce, "Yaya, wato duk..."

Ta ce, "Ashirin ke nan da wannan. Ina rufe bayansu yadda ba mai iya buɗewa sai ya fasa, dole su dawo wurina. Rediyo, kalle ni nan. Mutumin nan da asuba yake tashi ya wanke buroshi yana waƙa. Ranar da ya ji wannan maganar, ya daina waƙar ke nan. In bakinka ya yi yoyo, harshenka zan yi wa firam."

Jama'a, ku tausaya min. A ba mai ciwon ciki ajiyar tusa ya fi sauƙi a kan a ba ni ajiyar magana. Shekara biyu ina fama. In muka haɗu da Malam yana yabon masu son zane na garin nan, sai in cika bakina da ruwa in ƙi haɗiyewa.

Sai ga shi Malam ya cika shekara saba'in, tsofaffin ɗalibansa suka ce za su karrama shi. Aka ba shi ɗakin taron makaranta na yini guda ya baje kolin aikinsa. Ya zo shago da murna, hularsa a karkace, ya ce zai bi gida-gida ya aro 'ya'yansa ashirin da uku, ya ga yadda suke zaune a bangon mutane.

Na ga hannun Yaya ya tsaya cak a kan zarto. Ta ce, "Da wace gwiwar, Malam? Likita ya ce ka rage hawa bene. Ga Rediyo nan zaman banza yake, shi zai karɓo."

Haka na ɗauki hutun kwana huɗu na zama mai aron madubi. Aikin shi ne in karɓo firam, Yaya ta cire abin da ke ciki ta mayar da saniya, bayan taro a mayar wa kowa kayansa. Na cire madubin mai aski yana tsakar yi wa wani gyaran fuska, mutumin ya ce to shi yanzu da me zai san an cuce shi. Wani lauya ya sa takardar shaidarsa a nasa, sai da ya karanta min sharuɗɗa shafi biyu. Wata mai ɗinki hoton kanta ta sa, tana dariya a tsakiyar furannin zinare, ta ce in aka dawo mata da saniya a madadinta za mu haɗu. A rana ta uku ina tuƙi da madubi goma sha ɗaya a mota, duk inda na waiga ni ne, ta gaba, ta gefe, ta ƙeya. A ranar na fara ganin sanƙon da iyalina suka ɓoye min shekara biyar.

Saura ɗaya, na ashirin da uku, wanda bai taɓa dawowa ba. Yaya ta ce wani tsohon mahauci ne ya saya shekara goma sha tara da suka wuce, ƙila ya fasa bayan da wuƙa ya jefar da zanen. Muka tafi tare, tana ta shirya ƙaryar da za ta yi wa Malam, ko gobara ko ambaliya.

Muna shiga rumfarsa, sai ga saniya a bango. Tsirara, ba firam, an kafe ta da ƙusa huɗu sama da katakon sara. Hayaƙi ya dafa ta, rana ta cinye kogin ya koma fari, ƙudaje sun yi mata zane na biyu. Goshinta ya yi baƙi ya yi santsi, alamar hannu.

Mahaucin ya ce, "Kullum da safe nakan shafa ta kafin in ɗauki wuƙa. 'Yata, shekara arba'in da biyar shanu na kallona, kowacce da ƙara a idonta. Wannan kaɗai ce ke kallona ba ta riƙe ni da komai ba."

Yaya ta ce, "Baba, firam ɗin fa?"

"Wane? Au, katakon? Ya cika surutu, yana hana ni ganinta. Amma bai lalace ba, zo ki gani."

Ya kai mu bayan rumfa. Firam ɗin da Yaya ta yi kwana arba'in tana sassaƙawa, an buga masa ragar waya da ƙyaure, ya zama ƙofar akurkin kaji. Wani zakara na tsaye a ciki, ganyen zinare kewaye da shi, kamar shugaban ƙasa. Na buɗe baki, Yaya ta ɗaga yatsa ɗaya ba tare da ta waigo ba. Ta durƙusa, ta zaro reza ta zura a kusurwa. Ba ta shiga ba. Ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa, fuskarta rabi kamar za ta yi kuka, rabi kamar an yi mata albishir.

Ta ce za ta yi wa zanen sabon firam kafin taro. Mahaucin ya ce a'a, saniyarsa ba ta saba da turke ba, yadda take haka za ta je, kuma shi zai kawo ta da kansa ya koma da abarsa.

Ranar taro ɗaki ya cika. Shanu ashirin da biyu a cikin zinare, kowacce fes kamar jiya aka zana, tunda ba wadda ta taɓa ganin rana. Malam yana bi ɗaya bayan ɗaya, hannu a baya, idonsa ya kawo ruwa.

"Gwanata, kin ga fenti? Wannan shekararsa ashirin da shida, ko koɗewa bai yi ba! Mutanen nan sun riƙe min amana. Kamar a akwati suka ajiye su."

Na shaƙe. Matata ta bubbuga min baya.

Sai ya iso tsakiyar bango, inda Yaya ta rataya ta mahauci da hannunta. Ya tsaya. Fara'arsa ta tafi. Ban taɓa ganin Malam ya yi fushi ba sai ranar, kuma fushin nasa ma kamar mai neman alfarma.

"Wannan wa ya yi mata haka? Haba! In mutum ba ya son abu, ai sai ya dawo da shi. Dubi sauran, dubi wannan. A sauke ta, don Allah."

Mahaucin yana tsaye a gefe cikin wankakkiyar riga, ya ji komai. Ya matso ya ce, "Ni ne ba na so? Ni da nake gaishe ta kafin in gaida matata?"

Malam ya ce, "To me ya sa ta mutane ba ta koɗe ba sai taka?"

A nan ne Shaiɗan ya hau harshena. Zalunci ne ake yi a gabana, an kama mai gaskiya ɗaya tilo a ɗakin ana tuhuma, ga mai aski can yana gyaɗa kai kamar waliyyi. Na ji bakina ya buɗe da kansa: "Ai Malam, dalilin da ya sa sauran ba su koɗe ba shi ne..."

Lauya ya fara duban silin. Mai ɗinki ta shiga neman wani abu a jaka. Yaya ba ta harare ni ba, ba ta taka ni ba. Kallon mijinta kawai take, hannunta ɗaya riƙe da gefen mayafi.

Na ce, "...gilashin Yaya ne. Shi ke tare rana. Shi kuwa Baba mahauci ya cire gilashin ne don ya riƙa taɓa ta. Dubi goshinta, Malam, sa hannunka ka ji."

Malam ya sa gilashin idonsa ya matsa. Ya ɗora yatsu a inda fenti ya goge, ya daɗe a haka. Sannan ya juyo ya kama hannun mahauci da hannu biyu yana ba shi haƙuri, har ya yi masa alkawarin zana masa bijimi. Mahaucin ya ce a bar shi da wannan, bijimi zai zo da magana. Suka zauna a benci ɗaya har aka tashi, Malam na bayanin yadda ake haɗa launin kogi, mahauci na nuna masa inda ƙafar baya ya kamata ta lanƙwashe, Malam na cewa ai wannan salo ne.

Washegari muka koma aikin mayar da madubai. Yaya na kife firam tana zare ƙusa, ni ina naɗe shanu da farin ƙyalle ina kai su bayan labule. Ina jiran godiya, shiru. Na yi gyaran murya, shiru. Da na ga ba ta da niyya sai na ce bari in tsokano ta.

"Yaya, tsakani da Allah, ba kya gajiya? Shekara talatin kina zuba zinare a kan tebur mai ƙaho. Ni da ni ne ke, da tuni na zaunar da shi na gaya masa gaskiya, kowa ya huta. Abu in ba shi da kyau, ba shi da kyau, ko da me aka kewaye shi."

Ta hura ƙurar da ke kan madubin mai aski, ta goge da gefen hannu, ta juyo da shi saitin fuskata.

"Je ka gaya wa matarka haka. Kai da ba ita ta kewaye ka ba, da tuni an cire ka an sa madubi."